Wanda Ya Tsaya Aji Biyar

Boyekai, Goronyo
20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanwata Malama Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kina lahiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Uwargidana Habi tana gaishe ki, ƙahwar nan tata mai kumburi ta sauka, har ta koma daka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da anka katse layin waya ƙasarmu, wayar kowa ta zama tocila. Bilyaminu direba, mai ɗaukar albasa zuwa Zariya, shi yac ce ya san ƙohwar kwalejinku, in na rubuta shina kai miki har ofis. Rabona da in cika shahi guda da biro har na manta, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Jumma'ar da ta wuce na tahi Magarya na gano mahaihiyarki, Gwaggo Mas'uda. Tana nan da ƙarhinta, idon ne dai ka damunta. Ta zaunar da ni tana lissafa mini zumunta, wai kakata da kakanki ciki ɗaya sunka hito, don haka in bar zuwa sai da dalili. Na ce na tuba.

Gero ya yi kyau bana. Shagon gyaran inji ne ya ja baya, don an hana sayar da mai cikin jarka, masu injin ban-ruwa kowa ya jingine nashi shina jiran ya ga yadda rani za shi kasance. Ɗiyata Khairiyya tana gida. An ruhe makarantarsu ta kwana, ba a hwaɗi ranar komawa ba, ga shi ta gama aji biyar saura shekara guda. Tana zuwa shago tana taya ni. Yarinyar ga hannunta na da kyau, shekaranjiya ita taw warware kabureta ta wanke ta mai da, ban sa mata hannu ba.

To, ga abin da yas sa nir rubuto. Ke ce ga ofishin ɗaukar ɗalibai, kin hi kowa sani cikin danginmu. Mutumin da yat tsaya aji biyar bai ƙarasa ba, amma ya iya aikin hannu ƙwarai, dole ne sai da takardar sakandare za shi ci gaba? Babu wata ƙohwa da aka bi a shiga kwaleji ko jami'a ba tare da ita ba? Ki hwaɗa mini gaskiya, kada ki ɓoye mini komi.

Ki gaishe da mutanen gida.

Naki,
Halliru

*

Zariya
2 ga Oktoba, 2021

Yaya Halliru,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode Allah da kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi kwana uku, ya warware. Na gode da zuwa wurin Inna. A yi wa Yaya Habi sannu da ƙafa.

Yaya, ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta. Na karanta takardarka sau uku, kuma na gane inda ka dosa. Ka yabi hannun Khairiyya, ka ce ta gama aji biyar, sannan ka tambaye ni ko wanda ya tsaya aji biyar yana da hanya. Kana son in ce maka i, don ka bar ta a shago hankalinka kwance. Ba zan faɗa ba.

Babu wata ƙofa. Shekarata goma sha ɗaya a bakin tagar nan. Na ga mai wayo, na ga mai hannu, na ga wanda ya zo da wasiƙar babban mutum. Duk abu ɗaya nake tambaya: ina sakamakon sakandare, darasi biyar har da Turanci da Lissafi? In babu, ko ɗana ne sai ya koma. Makon jiya wata mata ta zo daga wajen Giwa, shekara tara tana taimakon unguwarzoma a asibitin ƙauyensu, ta karɓi haihuwar da ba ta san adadi ba. Tana son kwas na shekara biyu don a ɗauke ta aiki sosai. An cire ta daga aji huɗu. Ta tsaya tana roƙona, layi na bayanta, ni kuwa babu abin da zan iya yi mata. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Shekara ɗaya ta rage wa yarinyar nan, shekara ɗaya tak. In makarantarsu ba ta buɗe ba, ka kai ta Sakkwato, ko ka turo mini ita nan. Kabureta ba ta guduwa.

Kuma mi ya sa kai, duk cikin dangi, za ka yi wannan tunanin? Kai da ka ɗanɗana. Ka bar makaranta, ga ka nan shekara ashirin da wani abu cikin baƙin mai, kana gyara wa mutane inji a gindin rumfa. Ban raina sana'arka ba, amma ba na son Khairiyya ta ƙare inda ka ƙare. Kada ka mai da ita irinka.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Ina jiran amsa ta hannun Bilyaminu.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Zariya
9 ga Nuwamba, 2021

Yaya Halliru,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ku fa?

Mako biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Da labarin harin da aka kai kasuwar Goronyo ya iso mu, na yi kwana huɗu ina kiran lambarka, na san babu layi amma ina kira. Sai da Bilyaminu ya zo ya rantse mini ya gan ka da idonsa kana ɗaure tiyo, sannan na samu natsuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Na tambaye shi ko ka ba shi saƙo. Ya ce ya miƙa maka takardata a shago, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa aljihu, ka ce ya gaishe ni. Sau biyu ya sake zuwa Zariya hannu wofi.

In fushi kake yi, ka yi fushin a rubuce. Ina Khairiyya take yanzu? Ko layi biyu ne ka aiko.

Ruƙayyatu

*

Boyekai
28 ga Nuwamba, 2021

Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Muna lahiya. Ranar kasuwar ga ban tahi ba, Allah ya tsare, amma mun rasa maƙwabci. Amin ga addu'arki.

Khairiyya tana Sakkwato tun tsakiyar Oktoba. An haɗe su da wata makaranta cikin gari, ni da kaina nik kai ta da akwatinta. Tun kahin takardarki ta iso na ɗinka mata sabon yunifom. Ban taɓa tunanin cire ta ba, ko sau ɗaya.

Wanda yat tsaya aji biyar ni ne. Don kaina nit tambaye ki. Kunya tah hana ni hwaɗi kai tsaye.

Bari ki ji abin da yaf faru. Cikin damina wasu mutanen shirin noman rani sunka zo da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, za su gwada su hwadamar ƙasan dam. Guda yaƙ ƙi ɗaga ruwa. Kwana biyu suna kanshi da littahi buɗe. Wani manomi yac ce musu a kira Halliru. Da niz zo ban taɓa ganin irin injin ba, amma na sa kunne nij ji shina shan iska, kuma juyin nai baya shika yi. Na ɗaure gindin tiyo, na musanya waya biyu. Ruwa yat taso har ya jiƙe wandon babbansu, Injiniya Bashir.

Yad dube ni yac ce, “Malam Halliru, ina kay yi karatu?”

Nic ce, “Nan gindin rumhwa.”

Yay yi dariya yac ce mutum goma za su ɗauka, a kai su Kaduna horo wata ukku, su dawo ma'aikatan shirin masu kula da injinan Goronyo da Wurno da Rabah. Yac ce ni ne na hwarko. Yab ba ni fom da hannunai. Na kai gida, Habi ta sa shi cikin leda don kada yara su taɓa.

Da nik koma da shi cike, yaj juya shahi na biyu yac ce, “Ina takardar sakandare?”

Nic ce babu.

“Ko ta shaidar gamawa?”

Nic ce, “Ranka ya daɗe, ban kai ƙarshe ba. Baba ya rasu ina aji biyar, ni ne babba, ga ƙanne bakwai ga gona.”

Mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙari. Bayan mako biyu yaz zo har shago yac ce ya kai maganata sama, an ce mai wai na'ura ba ta karɓar fom in babu lambar jarrabawa. Cikin waɗanda anka ɗauka har da Isma'il, wanda yay yi shekara shidda ƙarƙashina kahin ya buɗe shagonai. Ya zo sallama ranar tahiya, bai iya ɗaga ido ya dube ni ba. Na sa mai albarka, kuma har zuciyata, don bai yi mini komi ba.

Daga nan nih hwara tunani. Shekarata arba'in da ɗaya. Injinan mai suna tahiya, na rana suna zuwa, ni kuwa kunne kawai gare ni. Ina son in san abin da ka cikin akwatin injin ranar ga, ba in yi ta lalube ba. Shi yas sa nit tambaye ki.

Sai ga amsarki. Kin ce kada in mai da ita irina. Ruƙayyatu, cikin baƙin man ga nir raini ƙanne bakwai, huɗu sun gama sakandare, guda malamin makaranta ne garin Maikujera. Na ɗauka ko ba kowa, ke kin san haka. Na ɗauki biro sau da yawa in ba ki amsa, in na hwara sai in ga maganar da za ta hito ba ta zumunta ba ce, sai in aje.

Yanzu ya wuce. Na dai ji amsar: babu ƙohwa. Na gode.

Halliru

*

Zariya
6 ga Disamba, 2021

Yayana Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya, sai dai ni tun da na karanta takardarka ban ji daɗin raina ba.

Na yi laifi. Na karanta abin da ba ka rubuta ba, na yanke maka hukunci a kai, sannan na soke ka inda ya fi ciwo. Ba ni da hujja. Aikin tagar nan ya koya mini in ji rabin magana in ba da amsa. Ka yafe mini don Allah. Kai ne ka goya ni a keke daga Magarya zuwa Wurno ranar jarrabawar shiga sakandare, lokacin da motar ta ƙi zuwa, ka tsaya a rana har na fito. Wanda ya yi mini haka na rubuta wa waccan magana.

Yanzu bari in amsa tambayar da ka yi, ba wadda na ƙirƙira ba.

Ko takarda ce ke sa mutum ya iya aiki? A'a. Akwai masu digiri a ofishinmu da ba su iya rubuta wasiƙar neman hutu. Ƙanen maigidana ya gama jami'a shekara biyar ke nan, kaji yake kiwo, kuma da ya fara kiwon tun farko da ya fi haka nisa. Wanda ya ce maka duk mai takarda ya tsira, ƙarya yake. Amma shi in yau aka buɗe ɗaukar aiki yana da abin miƙawa, kai ba ka da shi, ko da ka fi shi sau goma. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma ka gani da idonka.

Inda na yi kuskure na biyu shi ne da na ce babu ƙofa na yi shiru. Babu ta kewaye, amma ita ƙofar ba a rufe ta da shekaru. Akwai jarrabawar 'yan waje da ake yi ƙarshen kowace shekara. Ba a tambayar makarantar da ka fito, ba a tambayar shekarunka. Ka yi rajista, ka zauna, ka rubuta, takardar kuma daidai take da ta 'yan makaranta. In ka samu biyar ɗin, akwai kwas ɗin lantarki na ƙarshen mako a Sakkwato, ba sai ka rufe shago ba. Ta bana ta wuce ka. Kana da wata goma sha ɗaya kafin ta baɗi.

Ba zan ce maka da sauƙi ba. Lissafi ba na jin tsoro, na tuna kai kake yi wa 'yan ajinku. Turanci ne zai ba ka wuya.

Na ba Bilyaminu kwali. Littattafai shida ne da tambayoyin shekarun baya. In ba ka so, ka ba Khairiyya, ba zan ce komai ba.

Ƙanwarka mai neman afuwa,
Ruƙayyatu

*

Boyekai
17 ga Afrilu, 2022

Malama Ruƙayyatu,

Sallama. Ya azumi? Allah ya karɓa muna. Muna lahiya, zahi ne dai ba a magana. Na san layi ya dawo kuma mun gaisa ta waya, amma kin ji yadda nika yi, daga “lahiya lau” sai in rasa ta cewa. Kuma ke kinka ce in riƙa rubutu don hannu ya saba.

Zancen yahiya ya wuce tun tuni, kada ki sake tado shi.

Kwalin ya yi wata guda ƙarƙashin gado ban buɗe ba. Habi ta jawo shi wata sahiya ta aje gabana tare da koko. Tac ce, “Ko ka karanta ko in ba mai ƙosai ta naɗe, gara ta hwara ci.” Tun ranar, bayan asuba ina yin awa guda kahin in buɗe shago. Lissahi ya dawo mini kamar jiya nib bar shi. Physics kuwa daɗi nika ji, abubuwan da hannuna ya sani shekara ashirin sai yanzu nika jin sunansu. Turanci, Allah ya kyauta. Ina karanta labari in gane, a tambaye ni in rasa.

An gane a majalisa. Lawwali mai taya ya ga littahi cikin akwatin sufana, yanzu in na iso sai ya ce a tashi ga ɗan aji shidda. Ina dariya tare da su, amma wata rana tana shiga.

Injinan rana guda ukku sun tsaya cikin Maris, albasa na tsakiyar shan ruwa. Isma'il yaz zo yac ce in taimaka. Na tahi mun tada su tare. Da anka kawo takardar aiki shi yas sa hannu, ni na tsaya gehe ina wanke nawa hannun. Amma ya nuna mini abin awon wuta da anka koya musu, ya bar mini shi kwana biyu. Ya san abubuwan da ban sani ba yanzu, gaskiya ce.

Ga babban labarin. Khairiyya ta zo hutu, taf faɗo ɗaki ta ishe ni ina hwama da rubutun wasiƙar Turanci. Ta tsaya ta karanta ta bayana. Sai taz zauna ƙasa ta hwashe da kuka. Na ɗauka rubutun ne ya yi muni haka. Da ta natsu tac ce, “Baba, ni hwa na yi niyyar in na zo hutun ga ba ni komawa.” Wai can Sakkwato an cusa su ɗari da wani abu aji guda, 'yan gari suna yi musu dariyar ƙauyanci, ta hwaɗi gwajin Chemistry sau biyu. Tac ce ta riga ta shirya abin da za ta hwaɗa mini: kai ma ba ka gama ba, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Kin gani, ashe ba ki yi kuskure duka ba. Akwai mai shirin tsayawa aji biyar da rabi gidan ga, ni ne ban sani ba.

Ban yi mata hwaɗa ba. Na ba ta labarin fom ɗin Injiniya Bashir, wanda ban taɓa ba ta ba. Yanzu kullum bayan la'asar tana yi mini Turanci da jan biro, ba ta da tausai ko kaɗan. Ranar Lahadi za ta koma.

Naki,
Halliru

*

Sakkwato
3 ga Disamba, 2022

Ruƙayyatu,

Gaisuwa. Ina lahiya, jiya munka gama jarrabawa. Ina rubuto miki daga gidan abokina inda nis sauka, gobe in sha Allah ina komawa gida. Na ji daɗin addu'ar da kinka aiko, da ta Gwaggo.

Sakamakon Khairiyya kin riga kin ji, bakwai ta samu, Chemistry ɗin ma ta tsallake da ƙyar. Ita tar raka ni ranar hwarko don ta san wurin.

Mun iso bakin ƙohwa ana duba kati. Na shiga layi, ita ta tsaya gehe riƙe da jakata. Mai duba katin yad dube ni, yad dubi hurhurar gemuna, yac ce, “Baba, iyaye can waje suka jira. Bar yarinyar ta shigo.”

Yara sunka yi dariya. Wallahi sai nij ji ƙahwata ta juya da kanta za ta hita. Khairiyya ta riƙe mini hannun riga tac ce da shi, “Malam, ni ce mai jira. Shi ne mai jarrabawa.” Na miƙa kati. Ya duba hoto, ya dube ni, ya cire hularshi ya mai da, yac ce, “Yi haƙuri, Baba. Bismilla.” Daga ranar duk sahiya shi ka hwara gaishe ni.

Bencinan ƙanana ne, gwiwata ba ta shiga. Ba ni kaɗai ne babba ba, akwai wani ɗan sanda da wata mai goyo da ƙanwarta ka riƙe mata jinjiri waje. Lissahi na gama da sauran lokaci. Ranar Turanci kuwa an ce mu rubuta wa wani shugaba wasiƙa kan matsalar ruwa garinmu. Ruƙayyatu, wa ya hi ni sanin matsalar ruwa? Komi na cikin kaina da Hausa, tsab. Ina cikin juya shi anka ce a aje biro, ban taɓa tambaya ta ƙarshe ba.

Sai abin da Allah ya yi.

Halliru

*

Boyekai
21 ga Mayu, 2023

Ƙanwata Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Ina hwatan kuna lahiya. Mu lahiya lau. An yi wa Gwaggo aikin ido, na gano ta Magarya, ta ce yanzu ta ga na tsuhwa.

Na san kin kira sau da yawa tun Maris ina kauce wa zancen. Ga shi a rubuce. Lissahi na samu mahi kyau cikin sakamakon, Physics da Noma da Hausa da Addini duk na ci. Turanci na hwaɗi. Biyar gare ni, amma ba biyar ɗin da tagarku ka so ba. Kwas ɗin lantarki sai da shi, na je na tambaya da kaina.

Na yi wata biyu ban buɗe littahi ba. Na ce wa Habi ya isa, na gwada, mutum ya san iyakarshi. Shirin noman rani sun sake ɗaukar mutane cikin Afrilu, ban ko karɓi fom ba. Aiki dai alhamdu lillahi, yanzu masu injin rana da sunka saya da kansu ni suka kira, har daga Rabah, don na iya karanta zanen wayoyin, ba lalube nika yi ba. Wannan karatun ya ba ni, ba takarda ba.

Khairiyya ta samu jami'a nan Sakkwato. Likita tas so, anka ba ta hwannin noma, ta yi kwana biyu tana hushi sannan ta haƙura. Ranar Litinin nik kai ta rajista. Layi tun daga bakin ofis har gindin itatuwa, na tuna da ke da tagarki. An ba su wata takarda ta bayanin iyaye, ta ɗora bisa bayana tana cikawa don babu tebur. Ina jin biron na tahiya. Sai ya tsaya.

Nic ce, “Mi anka tambaya?”

Tac ce, “Iyakar karatun mahaihi. Akwai firamare, akwai sakandare, akwai gaba da sakandare.”

Nic ce ta sa firamare, shi ne gaskiya, tun da ita kaɗai nig gama da takarda cikakka. Na ji ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ba alamar da aka yi cikin akwati ba.

Da munka kai taga, matar da ka karɓa ta duba tac ce, “Ke, ba a rubutu nan. Guda za ki zaɓa.”

Khairiyya tac ce, “Babu nashi ciki, Hajiya.”

Matar ta karanta da ƙarhi, da Turanci, sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Na gane abin da ta karanta, ko ba a juya mini ba. Yarinyar ga ta rubuta cewa mahaihinta bai kai iyaka ba tukuna, shina karatu.

Matar tac ce, “Kai ne?”

Nic ce ni ne.

“Mi ya rage?”

Nic ce Turanci.

Ta buga hatimi bisa takardar yadda take, ta sa cikin fayil, tac ce, “To Allah ya ba da sa'a, Malam. Na gaba.”

Na bar Khairiyya bakin ɗakin kwanansu da katiharta. Ban wuce tasha ba. Na tsaya shagon da aka rajistar jarrabawa na tambaya, sun ce sai Agusta za a buɗe, kuma ana haɗa sakamakon zama biyu, wato Turanci kaɗai za ni sake. Na bar musu suna da lamba.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Habi na gaishe ki, ta ce a hwaɗa miki ta aiko da albasa ta hannun Bilyaminu, ki duba ƙasan buhun akwai daddawa.

Yayanki,
Halliru